Shekarar da Gorar Na'Allah Ta Yi Fure

Duk wanda ya zauna Zongon Wagadugu ya san Na'Allah mai tsani. Gajere ne, bakinsa ba ya shiru, tafin hannunsa kuwa ya yi kanta har ƙaya ba ta shigarsa. Da gora yake haɗa tsani da sandunan rumfa da ɗan gadon da masu gadi ke kishingiɗa a kai. Kuma tun da yake bai taɓa sayen gora ba. Tasa gare shi.

Mahaifinsa, wani ɗan kasuwar goro, shi ya zo da saiwarta daga kudu, ya dasa bayan makewayin gidansu na unguwar Zangouettin, inda ruwan wanka ke kwarara. A gindinta Na'Allah ya girma, ya san halinta ciki da bai. Da ruwan farko toho ke fasa ƙasa, kafin damina ta fita ya wuce soro, amma sai ya ga damina uku yake yin ƙwarin da za a sara. Ka sari tsoho, ka bar yaro, ita kuwa saiwa tana can ƙasa tana rarrafe abinta.

Lokacin da gwamnati ta rushe unguwar, mutane na ta kwasar kwano da ƙyamare, shi gogan naka yana bayan makewayi da diga. Dariyar da ba a yi masa ba! Ko a jikinsa. Ya raba saiwar, ya dasa wata bakin baraji, wato madatsar ruwan gari, kusa da masu lambu, wata a filin da aka ba shi can bayan gari, wata a gidan 'yarsa Rokia a Dapoya. "In wata ta mutu, wata na nan," in ji shi. Da gorar nan ya ci, ya sha, ya aurar, ya yi jinyar matarsa har Allah ya karɓi abarsa.

Bara sai ta bakin baraji ta fitar da wasu dunƙule-dunƙule masu tsini a kowace gaɓa. Fure! Shi da ya tsufa a gindinta bai taɓa gani ba, har da kiran masu lambu su zo kallo. Kafin ka ce me, ganye ya zube, sanduna suka bushe ƙayau. Ya yi ban ruwa, ya zuba taki, ya karɓo rubutu ya yayyafa. Ina! Da ya tono saiwa sai ya tarar ta mutu murus. Ya ce wallahi furen nan ne ya tsotse ta, ya tattara shi ya cinna masa wuta.

Sai ta gidansa na bayan gari ma ta fara. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, don a tsufansa ba shi da wata sana'a, kuma gorar da ake kawowa a mota ta fi ƙarfinsa. Ya jingina tsani, ya bi gaɓa-gaɓa da wuƙa yana yankewa yana ƙonawa. Ya yanke yau, gobe wani ya fito. Ita ma ta bushe a tsaye.

Ranar da Rokia ta bugo ta ce tata ta yi fure, zama ya yi daɓas a ƙasa.

"Rokia, don girman Allah gobe da safe ki yanke furen, ki share, ki ƙone. Ita kaɗai ta rage mini."

Washegari ya shiga kasuwar Sankaryaaré neman maganin feshi, ko Allah zai sa a dace. Nan ya haɗu da Karim, direban babbar mota, haifaffen wajen Banfora, ya zayyana masa komai.

Karim ya riƙe baki. "Baba, ai a wajenmu haka take yi. Sau ɗaya take fure a rayuwarta, sannan ta mutu, da ita da duk wadda aka ɓanɓaro daga jikinta, ko a Makka ka dasa. Ba ciwo ba ne. Furen nan shi ke zama iri kamar shinkafa, ya zube, damina ta tayar da sabuwa. Ina irin?"

Na'Allah ya lalubo waya, ya buga wa Rokia. Tana ta ƙara, ba a ɗaga ba. Ya cafki rigar Karim. "Ɗana, ka rufa mini asiri, kai ni Dapoya!"

Suka ari babur suka kutsa cikin cunkoso, tsoho na ta salati a baya yana dukan kafaɗar Karim. Tun daga bakin lungu ya hango hayaƙi.

Rokia ta tarye shi da tsintsiya a hannu, gumi sharkaf, yatsunta duk sun farfashe, tana murmushi.

"Baba, kwantar da hankalinka. Tun asuba nake kai. Ko ɗaya ban bari ba."