Yadda Iya Ta Kwashe Rumbu da Baki

In ka ga dama ka yarda, in ka ga dama ka ce zuƙi ne irin namu na 'yan kasuwar hatsi. Amma wallahi kakata Iya ta taɓa kwashe rumbun gero cike taf da bakinta, ko zangarniya ɗaya ba ta ɗaga ba.

A ƙauyenmu ne gefen Tsanyawa, ƙarshen bazara, hadari ya fara leƙowa. Gara ta cinye gindin babban rumbunmu har ya duƙa kamar mai ruku'u. Kowa ya gani, awaki ma sun daina kwanciya a inuwarsa. Ruwan farko kawai ake jira ya kife da geron da zai kai mu kaka. Mutum ɗaya ne bai gani ba: kakanmu, Malam. Shi dai rumbun da mahaifinsa ya gina, gara ba ta isa ba. Babanmu ya durƙusa ya yi magana, aka tambaye shi yaushe aka haife shi. Liman ya zo, Malam ya ba shi goro, ya raka shi har bakin hanya, bai ce masa "to" ba.

Iya ba ta ja da shi. Matan zamaninsu ko sunan miji ba sa kamawa, balle musu. Amma ta san jika ba ya laifi a wurin kaka, duk tsiyar da muka yi wa Malam wasa ce.

Kullum bayan magariba, in an ci tuwo, sai ta baza tabarma kusa da murhu, ta zubo gyaɗar iri mu ɓare, tana gasa mana 'yar kaɗan a garwashi don kar mu cinye irin. Ran nan sai ta ja tabarmar har jikin zanan da Malam ke kishingiɗa a bayansa da rediyonsa.

"Ga ta nan ta taho da ƙafarta, mai kunne ya matso," in ji ta, da murya kamar mai kiran shanu.

Wai an yi wani mutum da ya ce yau ba za a yi ruwa ba, ya shimfiɗa buzunsa a cikin kwari. Aka fara yayyafi, ya ce raɓa ce.

Na ce, "Iya, taurin kai ne da shi?"

"Taurin kai ai na yara ne irinka, a nuna maka ƙuli-ƙuli ka sauko. Ɓare gyaɗarka."

Ruwa ya kai gwiwa, mutane na kiransa daga tudu, ya ce raɓar bana ce ta zo da ƙarfi. Ƙanwata ta ce to kunnen ƙashi ne. Iya ta ce a'a, mai kunnen ƙashi maganar ce ba ta shiga, wannan kuwa ya ji sarai. Muka ce kafiya. Ta ce mai kafiya ya fi shi, don in ya kafe a kan gaskiya har yabonsa ake. Muka ce gardama. Ta ce mai gardama bakinsa ne ke ƙaiƙayi, in ya gaji barci yake.

"Wannan," ta ƙara ɗaga murya tana fuskantar zana, "shi ake kira ɗan ƙi-faɗi. Ya gani, ya san ya gani, amma gara ya nutse da ya ce haka ne."

Rediyon Malam ya yi shiru.

Ruwa ya kai wa mutumin wuya, ya ɗauke shi ya yi gaba da shi, yana wucewa yana ɗaga wa jama'a hannu: "Kar ku damu, dama kasuwar garin gaba za ni!"

Muka yi ta birgima a kan ɓawon gyaɗa. Daga bayan zana aka yi gyaran murya, aka ce, "Wasu dai ba su da aikin yi."

Iya ta ce, "Tatsuniya ta ƙare, wanda ta taka wa ƙafa ya janye."

Ba ta aike mu ba, mu muka aiki kanmu. Malam zai yi alwala, mu ce, "Malam, a ƙaro raɓa?" Ni kuwa na je gaban rumbu na duƙa irin nasa, na ce, "Malam, ba karkacewa ya yi ba, gaishe ka yake!" Ya biyo ni da sanda yana danne dariya: "Kai, mai ƙwacen mata, zan kama ka!"

Ba a jima ba, wata safiya ya tara maza ya ce a kwashe dammunan a kai ɗakin soro. "Ba don wata gara ba. Geron ne ya daɗe bai sha iska ba." Iya ta ce, "Gaskiyarka, Malam." A satin aka sheƙa ruwa, rumbu ya zube ba ko tsaba a ciki. Malam ya dube shi ya ce, "An sauke masa kaya, ya kwanta ya huta."

Yanzu ina kasuwar hatsi ta Dawanau, kullum sai na yi ciniki da jikokin mutumin kwarin nan. Sai da na girma na gane dabarar Iya: ɗan ƙi-faɗi ba a kayar da shi, ƙofa ake bar masa ya fita da hularsa a ka. Har ta rasu ba ta taɓa cewa "ai na faɗa" ba.

Kwanan nan matata Hadiza ta dame ni wai rufin ɗakin ajiyata na yoyo a kan buhunan wake. Ni na san gumin kwano ne. Jiya da yamma sai na ji ta tara yara a bakin tagata tana ba su labarin nan, wai mutumin cewa ya yi gidan surukai za shi. Na leƙo na ce, "Kasuwa ce! Labarin kakata ne, na fi ki sani!"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Yara, ku ɗaga wa Babanku hannu, ga shi nan ruwa zai wuce da shi kasuwa."