Burtalin da Yaya Hamisu Ya Bari a Tsakiyar Jami'a

Shekara tara ke nan cif da muka kai Yaya Hamisu makwancinsa, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin haushinsa kamar makon nan ba. Allah Ya gafarta masa, ni ma Ya gafarta mini. Bawan Allah ya tafi ya bar ni da magana a baki, ni da na yi ritaya daga aikin koyarwa ban taɓa raba faɗan 'yan aji ba sai na kira hedimasta.

Ga wanda bai san shi ba, wana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Safiyo ne, mai auna filaye, kuma shi aka ɗora wa zana taswirar matsugunin jami'ar gwamnati da aka yanka wa fili a nan ƙasar Daura. Ba taswirar ginin bana ko na baɗi ba, ta inda kowane gini zai zauna har zamanin jikoki. A lokacin babu komai a wurin sai gonakin gero da gawo da sabara. Ranar Asabar yakan goya ni a babur, mu tsaya cikin kara, ya miƙa hannu ya ce nan ɗakin karatu, can asibitin koyarwa, can masaukin ɗalibai mata. Ni kuwa in ce, "Yaya, ni dai awaki nake gani." Sai ya ce ai ba a fafe gora ranar tafiya, in ja bakina in yi shiru.

Yana da wata ɗabi'a da ta ishi shugabanninsa. Ba ya ɗora alƙalami a takarda sai ya taka fili da ƙafarsa damina ɗaya da rani ɗaya, ya ga inda ruwa ke bi, ya ga inda mutane ke bi. A wannan yawon ne ya tarar da burtali, wato hanyar shanu, ya ratsa filin tun daga arewa har tafkin da ke kudu. Makiyaya daga wajen Zango ta nan suke koro dabbobinsu shan ruwa tun kaka da kakanni. Da wani ne, da ya ja layin katanga ya wuce abinsa. Shi kuwa ya koma ofis ya yi ta naci, har shugabannin lokacin suka yarda a raba jami'ar gida biyu, a bar wa shanu hanyarsu a tsakiya, a yi katanga dama da hagu.

Ina wurin ranar da aka kai wa makiyaya wannan magana, a ƙofar gidan dagaci bayan la'asar. Akwai dagacin, akwai liman, akwai Ardo Julde shugaban makiyayan, sai Yaya, sai ni da rakiya kawai ta kawo ni. Yaya ya faɗi alkawarin da sunan jami'a, liman ya shafa fatiha. Da Yaya ya kai hannu jakarsa zai ciro takarda, sai Ardo ya dafa masa hannu.

"Malam Hamisu, takarda ta masu gardama ce," in ji shi. "Bayan fatiha kuma me ya rage?"

Farkon zuwan shari'a ne, zukatan mutane cike suke, kowa na ganin maganar da aka yi gaban liman ta fi hatimin kowane ofis nauyi. Ciro takarda a wannan lokacin daidai yake da ka ce wa dattawa ba ka yarda da su ba. Yaya, mutumin da ko turke ya kafa sai ya rubuta lambarsa, kunya ta kama shi, ya mayar da hannunsa. A taswira ya shafa wa wurin koren launi, bai rubuta komai a kai ba. Ni ma da nake gefe ban ce uffan ba, don haka ba shi kaɗai nake jin haushi ba.

To, yau jami'a ta tumbatsa. Inda na ga awaki, benaye ne. A masaukin mata, ɗakin da aka yi don mutum huɗu ya zama na duk wadda ta samu wurin shimfiɗa katifa. Katangar nan ta dama da hagu kuwa ba a taɓa yin ta ba, kowane shugaba ya zo sai ya ce sai baɗi. Yanzu an samu sabon daraktan gine-gine, matashi mai ladabi, ba ni da abin da zan zarge shi da shi. Ya buɗe taswirar Yaya, ya ga koren fili babu suna a tsakiyar jami'a, ya ce a nan za a gina sabon masaukin ɗalibai mata, a haɗe katanga a rufe ɓarakar gaba ɗaya. Dagaci ya rasu, liman ya rasu, Ardo ya rasu. Ranar Litinin Ja'e, babban ɗan Ardo, ya yi sallama a ƙofar gidana, ya durƙusa ya ce kwamitin jami'a zai zauna ranar Alhamis, an ce su kawo takarda ko shaida. Takarda babu. Shaida kuwa ni kaɗai na rage a doron ƙasa.

Da abin ya tsaya nan, da ban dame ku ba. Amma 'yata Hauwa'u tana aji biyu a jami'ar, kuma tagar ɗakinsu burtalin take kallo. Ta sha gaya mini ba shanun ne ke damun su ba, sun saba da su. Baburan da ke bin hanyar ne, waɗanda babu wanda ya san daga inda suka fito, a irin wannan zamani da kowa ya san halin da ake ciki. Idan na buɗe baki, za a iya dakatar da ginin, a nemi wani fili, a sake neman amincewa, ƙila har ta gama karatu ɓarakar tana nan. Idan na yi shiru, shanun Ja'e sai dai su zagaya ta gonakin mutane, kuma duk wanda ya taɓa ganin abin da ke biyo baya idan garke ya faɗa wa gero ana gab da girbi, ba sai na yi masa bayani ba. Gaba kura, baya sayaki.

Tun ranar Litinin nake tambayar kaina me Yaya zai ce. Na shiga ɗaki na fita, na je bakin kasuwa na dawo ban sayi komai ba, na ɗauki carbi na ajiye. Wani lokaci in ji kamar zai ce jami'a don 'ya'yan mutane aka yi ta, ba don shanu ba, kuma taswirar da ba ta sauyawa da zamani ba taswira ba ce. Wani lokaci kuma in tuna yadda yake ɓata fuska idan aka ce masa a rufe ido a wuce. Gaskiyar magana ban sani ba. Abin da na tabbata shi ne ba zai amsa daga kan kujera ba, sai ya je ya tsaya a bakin tagar nan, ya kuma bi shanun har tafki. Jiya na gwada hakan da tsufana. Na dawo da ciwon gwiwa, zuciyata kuma ba ta ƙaru da komai ba sai nauyi.

Idan aka auna abin da ya saura na Yaya, ba benayen ba ne. Da yawansu ma ba a inda ya nuna aka gina su ba, kuma babu ɗalibi ɗaya da ya san sunansa. Abin da ya saura shi ne ya zana wa mutanen da ba a haifa ba wurin zama, bai kuma manta da waɗanda ya tarar a wurin ba. Ya so a ɗauki duka biyun. Ya yi kuskure ɗaya na kunya, kuskuren ya kwana shekaru yana jiran ƙaninsa. Allah Ya sa nauyin bai bi shi kabari ba, Ya yalwata masa makwanci.

Alkawari kaya ne, kuma ɓoye shaida ba abin da zan so in tarar a gabana ba ne ranar da za a tambaye ni. Yau da safe na je jami'ar, na sa aka kira mini Hauwa'u, muka zauna a benci gaban masaukinsu. Na gaya mata ranar Alhamis zan je in faɗi abin da kunnena ya ji, da hanyar da katangar duka. Na zaci za ta yi kuka, ko ta roƙe ni.

"Baba, ka je ka faɗa," ta ce. "Amma in ka gama, ka gaya musu inda 'yarka take kwana. Shi ma ai shaida ne."

Na ce mata zan faɗa. Ta tashi ta koma ciki, ni kuma na bi ta da kallo daga bencin.