San da Na Kwance a Karar Mai'adua

Ban yi boko ba. Korar shanu ce sana'ata a karar Mai'adua, kasuwar dabbobi. Bayan kafa shari'a ba da jimawa ba, wata ranar kasuwa wani falke ya aike ni in kwanto masa sansa. Na kwance na wani. Duka biyun farare ne, turakunsu kusa da juna. Ban yi taku goma ba aka ce ɓarawo.

Sandar farko a ƙeya ta same ni. Ta biyu ta fasa mini ido. Na faɗi cikin kashin shanu ana tattaka ni. Ina ji wani yana cigiyar fetur.

Ranar akwai ɗaliban jami'a uku da suka zo koyon duba dabbobi: ɗan Daura, ɗan Damagaram, da wani Kirista ɗan Kudu. Babu wanda ya san ni cikinsu.

Ɗan Daura ya hau amalanke yana cewa, "Jama'a, ai akwai alƙali. A kai shi, a kawo shaidu."

Wani dillali ya ce, "Sauko, malam ɗan boko, kar farar rigarka ta ɓaci."

Ɗan Damagaram ya ruga neman sarkin kara. Ɗan Kudun Hausarsa ba ta kai ya yi magana ba. Sai ya kwanta a kaina. Sanduna suka koma kansa. Haƙoransa biyu suka zube kafin falken ya iso ya rantse shi ya aike ni, ga nasa san can a ɗaure.

A asibiti a Daura ni da ɗan Kudun gadonmu na kusa da juna. Abokansa suka zo dubiya, gardama ta tashi. Ɗan Daura ya ce wauta ce, uwarsa na can tana jiran ya gama karatu. Mutum ya faɗi gaskiya ya tsira da ransa, kwanciyar hankali ke nan. Ɗan Damagaram ya ce a garinsu babba ake kira, ba a shiga rigima da ka. Ɗan Kudun kuwa dariya yake da kumburarren baki. Aka fassara mini, wai da ya tsaya kallo, da abinci bai ƙara yi masa daɗi ba.

Ɗan Daura ya juyo. "Baba, wa ke da gaskiya cikinmu?"

Na ce, "Ni dai nauyin mutum ɗaya na ji a bayana."

Idon bai dawo ba. Bayan wata guda na koma kara. Wanda ya fasa mini idon ya yi mini sannu da jiki. Na amsa.