Mai Riƙe da Bakin Zare

Har yau in na ji ƙamshin masara a kan garwashi, ɗakin Iya nake tunawa. Gidanmu yana wata 'yar unguwa a gabas da Ɗambatta, inda gona ke farawa daga jikin katanga. Idan damina ta yi nisa, dawa kan tashi ta wuce mutum, ta rufe mu ta ko'ina. Hanyoyin da muka sani su koma siraran lunguna, kana jin muryar maƙwabci amma ba ka ganinsa. A irin wannan lokaci ne muke taruwa bayan isha'i a ɗakin kakarmu, mahaifiyar Baba, ni da ƙannena Sani da Habu, mu kewaye kaskon wuta. Sunanta aka sa mini, don haka ba ta kirana sai da Takwara.

Iya gwanar kaɗi ce. Takan shafa alli a yatsu, ta murza mazari, zare ya riƙa fitowa daga auduga a hankali kamar numfashin mai barci. Tana kaɗi tana ba mu labarin kura da dila. Amma tatsuniyar da muka fi roƙo ba gadonta ta yi ba, a talabijin ta samo ta.

Ranar sunan ɗansa na fari, Baffa Sale, ƙanin Baba da ke tuƙa bas zuwa Kano, ya zo da talabijin da janareta da faifan wani fim na Turawa, wai labarin mutanen Girka na zamanin da. Aka baza tabarmi a tsakar gida. A lokacin Iya tana gani dishi-dishi, sai da aka zaunar da ita gab da gilashin. Turanci kuwa ko zo in kashe ki ba ta ji. Ana tsakiyar kallo janareta ya yi tari ya mutu, mai ya ƙare. Washegari Baffa ya mayar wa masu haya faifansu. Abin da Iya ta gani ke nan, kuma shi ta riƙe.

"Ga ta nan, daga hayin teku ta taso, ku matsa mata ta zauna," haka take buɗewa.

"Ta zo, Iya, ga tabarma."

Wani sarki ne a tsibiri, in ji ta, ya gina gida a ƙarƙashin ƙasa, lungu cikin lungu, ba taga, ba alama. A can ƙurya ya ajiye dodo mai jikin mutum da kan bijimi. Duk shekara garuruwan da ya ci da yaƙi su aiko masa da samari da 'yan mata a jirgin ruwa, a tura su ciki. Wanda dodo bai ci ba, ɓatan hanya ya ci shi. Sai wani saurayi ya ce a sa da shi. Ya yi faɗa da igiyar ruwa, ya yi faɗa da mayaƙa masu hular ƙarfe da tukku irin na zakara. A sama kuma wasu tsofaffi masu fararen mayafai suna zaune kan gajimare, suna tura mutane kamar 'ya'yan dara.

"Su wane ne tsofaffin, Iya?" Habu ba ya gajiya da wannan tambaya.

"Iskokinsu ne, su suka sani, a'uzubillahi. Kai dai juya masarar nan, sarkin ci, kafin ta zama gawayi."

"Saurayin yana da ƙarfi kamar Baffa?"

"Baffanka da tura mota ke sa shi haki? Wannan ƙato ne. Sai dai duk jarumtarsa ba a samu mai ɗinka masa riga ba."

'Yar sarkin ce ta tausaya masa, ta ba shi dunƙulen zare. Ya shiga yana warwarewa, ita ta tsaya a ƙofa da bakin zaren a hannunta. Ya yi ta tafiya, wutar hannunsa tana raguwa. Ya ji huci a bayansa. Ya waiwaya, ga ƙaho.

"Sai me, Iya?"

"Sai mai ya ƙare."

Mu yi ta magiya, ita ta yi ta murza mazarinta. "Ban gani ba. Ba zan yi wa ɗan mutane ƙarya ba." Kowace tatsuniya tana rufe ta da ƙurunƙus, ban da wannan. Nakan kwanta ina jin iska tana kaɗa ganyen dawa a bayan katanga, in ce a raina har yanzu yana can ciki, shi da ƙahon, ba wanda ya motsa.

Shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare idon Iya ya rufe gaba ɗaya. Wata rana ta yi tuntuɓe ta faɗi gab da murhu, tun daga nan ba ta ƙara taka ƙofar ɗakinta ba sai hannunta yana kafaɗata. Ni ke kai ta banɗaki, ni ke kai ta randa ta yi alwala, ni ke kai ta gindin darbejiya ta sha iska. Ummanmu tana da goyo ga aikin gida, maza kuma suna gona. Ina tasowa daga makaranta da gudu, don na san tana zaune tana riƙe da fitsari tun hantsi, ba za ta kira kowa ba.

Sai sakamakon jarrabawa ya fito, na samu makarantar kwana ta 'yan mata a Kano. Baba ya yi hamdala, ya shafa kaina, sannan ya dubi ƙofar Iya.

"A bari zuwa baɗi," ya ce a hankali.

Na ce to. Na san irin wannan baɗin, na ga yayyena na unguwa da suka shige shi ba su fito ba. Abin da ya fi mini nauyi shi ne babu wanda zan yi fushi da shi. Baba bai zalunce ni ba, Iya kuma ina son ta kamar raina. Sai in tsaya a ƙofar gida in ga dawa ta tare gabas ta tare yamma, ina jin ƙarar basa-basai a titi ba na ganinsu.

Ba wanda ya faɗa wa Iya, amma makaho yana jin shirun gida. A kwanakin nan ta daina kaɗin zare siriri, ta koma abawa mai kauri, tana haɗawa tana tufkawa. Na tambaye ta me za ta yi da ita.

"Tarkon masu yawan tambaya," ta ce.

Wani dare muka roƙi labarin mai kan bijimi. Ta kawo shi har inda saurayi ya karɓi zare ya shiga, sai ta ajiye mazari.

"Ku kullum na ciki kuke tausayi. Ita wadda ke bakin ƙofa fa?"

"Ai ita tana waje, Iya," Sani ya ce.

"Waje? Za ta iya zuwa shan ruwa? Za ta iya sosa bayanta? In ta saki ya ɓace. Shi yana da takobi, yana da tafiya. Ita tsayuwa kawai. Mutum biyu aka rufe a gidan nan, ɗaya ne dai aka gina wa bango." Ta laluba ta ɗauki igiyar da ta tufka. "Amma laifinta ne. 'Yar sarki ce, ba ta taɓa ɗaure akuya ba. Da 'yar ƙauye ce da ta kafa turke ta ɗaura abinta ta kama gabanta." Ta juyo da fuskarta daidai inda nake. "Ko ba haka ba, Takwara?"

Masarata ta ƙone a hannuna.

Da safe ta sa aka kira Baba. Ɗanta na fari ne, ba ta faɗin sunansa.

"Kai wannan, nemo mini turaku."

"Iya, in kin faɗi fa?"

"Ƙasa ce za ta tare ni, mun saba da ita."

Aka kafa turaku daga ƙofarta zuwa banɗaki, zuwa randa, zuwa gindin darbejiya. Aka ja igiyar daidai ƙugu, ita da kanta ta yi ƙulli a kowace mararraba. Ta ce in mayar da hannuwana baya kada in kuskura in taɓa ta. Ta fito ita kaɗai. Ina ganin igiyar tana rawa. A tsakiyar hanya ƙafarta ta bugi turmi, ta yi taga-taga, Umma ta yi salati, na taka zan ruga.

"Tsaya inda kike! Wane marar aikin yi ne ya ajiye turmi a hanyar sarauniya?"

Habu ya janye turmin yana dariya. Ta ci gaba, ƙulli bayan ƙulli, har tafinta ya sauka a jikin darbejiya. Zufa ta jiƙa mata ɗankwali. Ta zauna ta huta, sannan ta ce, "To, a nemo wa yarinya akwati."

Sai da na shiga jami'a na ga ƙarshen fim ɗin a kwamfutar wata ƙawata. Da hutu na kai mata labari, tana zaune a gindin bishiyarta.

"Iya, ya kashe dodon. Ya bi zaren ya fito."

"Ai dama zaren mai kyau ne, na lura da shi. Yarinyar fa?"

"Ya tafi da ita a jirgi, ya bar ta a wani tsibiri tana barci."

Ta yi tsaki mai tsawo. "Kin ji ladan tsayuwa." Daga nan ta yi dariya, ta tafa hannu ta ce ƙurunƙus, bayan duk shekarun nan.

Na daɗe ina ɗaukan abin da ta yi a matsayin dabara. Sai da na girma na tuna rawar igiyar nan, na gane tsoro ne ta haɗiye. Kafaɗata ta fi mata kowane turke aminci, ta sani, amma ta zaɓi ta koma cikin duhunta ita kaɗai don kada a rufe mu mu biyu.

Iya ta rasu da damina, dawa ta rufe gida. An cire turakun saboda yara, amma na roƙi igiyar. Ta yi baƙi, ta yi santsi a duk inda tafinta ya saba bi. Tana nan a ɗakina a Kano. Wani lokaci, in gari ya yi mini ƙunci, nakan rufe ido in bi ta da yatsu. Ga ƙullin randa. Ga na banɗaki. Ga na ƙarshe, inda ake isa inuwa.