Yadda Gavra Ya Share Wa Baƙi Hanya

Shekara talatin da takwas Gavra Perin ya yi yana gadin jingar da ta tare ruwan kanal, babbar magudanar da aka haƙa, daga cinye garinmu, Stari Rit. Kullum da safe zai hau baƙin kekensa ya bi saman jingar, kilomita goma sha ɗaya zuwa, goma sha ɗaya dawowa, yana duba ramin ɓera da inda ƙasa ta tsage. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne tsiron itace a jikin jinga. Ya ce saiwa ce ke buɗe wa ruwa ƙofa. Da ya hango tsiro zai sauka ya tumɓuke shi, ya jefa a ruwa, har da tsaki. A wurin Gavra, wuri mai kyau shi ne wurin da ido zai bi fes babu abin da ya tsaya masa. Ni Zorka, mai kanti ɗaya tilo da ya rage a garin, katanga ce kawai tsakanina da shi, don haka na san halinsa fiye da yadda nake so.

Matarsa ta rasu da daɗewa. 'Yarsa ɗaya, Vukica, tana Jamus tana jinyar tsofaffin wasu, nata tsohon yana nan yana dafa wake shi kaɗai. Ba ita kaɗai ta tafi ba. Makarantarmu an rufe ta, limamin coci sau ɗaya yake leƙo mu a wata, kuma burodi goma nake karɓa a rana, wani lokacin biyu su kwana.

Bayan ya yi ritaya ne masu yawo a keke suka fara ɓullowa jefi-jefi, da jakunkuna rataye a gefe da jajayen fuskoki. Sukan sauko daga jinga su bi tsohuwar hanyar bakin kanal, wadda itatuwan dud, masu ƙananan baƙaƙen 'ya'ya masu zaƙi, suka jeru a gefenta biyu har cikin gari, kilomita uku. Kakanninmu ne suka dasa su lokacin da ake kiwon tsutsar siliki da ganyensu. Gavra yakan zauna a bencin ƙofar gidansa da famfo da faci, duk wanda tayarsa ta sace ya gyara masa, kuma idan ka miƙa masa kuɗi ka zage shi.

Sai labari ya zo cewa za a shimfiɗa babbar hanyar masu keke, mai alluna da taswira, daga kogi har zuwa iyaka. A daidai mu kuwa ba a yanke ba tukuna: ko ta bi gefenmu na kanal ta ratsa Stari Rit, ko ta bi wancan gefen. Za a turo wata daga birni ta duba a watan Yuni na shekara mai zuwa.

A kantina Gavra ya amsa wayar Vukica, don nan ne waya ke kamawa sosai, na kuma ji komai, ban ma yi kamar ban ji ba.

"Baba, da gaske nake. In hanyar nan ta bi ta garinmu, zan dawo. Gidan Kaka yana nan a rufe, ɗaki huɗu. In gyara shi, baƙi su kwana, in dafa musu."

"Kada ki yi mini wasa da hankali, Vukica. Na tsufa da wannan."

"Na gaji da wanke iyayen mutane, Baba. Ka dai sa hanyar ta biyo."

Ya ajiye wayar, ya daɗe yana kallon gwangwanayen kifi kamar yau ya fara ganinsu. Tun rasuwar matarsa ban ga idonsa ya yi haske irin na ranar ba.

A cikin makon nan ne abin ya faru. Dud ya nuna, yana zuba baƙi ƙirin, hanya ta yi caɓa-caɓa kamar yadda take yi kowace shekara. Wata Bajamushiya ta iso ƙofar Gavra da farar riga, tayar baya ta fesa mata ruwan dud tun daga ƙugu har wuya. Ita dariya take ta yi, mijinta yana ɗaukarta hoto, bakinsu duk ya rine. Gavra kuwa kamar ƙasa ta tsage ya shige. A garinmu ba a barin baƙo ya tafi da datti a jikinsa. Kowace Asabar mace tana share titin gaban gidanta har tsakiya, ko gidan da babu kowa sai an share masa. Ya karɓi rigar da ƙyar ya kawo mini, na jiƙa, na dirza, na sa lemon tsami, tabon ya ƙi fita ƙememe.

"Dariya take mana, maƙwabciya," in ji shi. "Hoton nan yanzu zai zaga Jamus. Su ce ga ƙazamai can."

Ni kuma, da bakina da ba ya hutawa, na ce, "Ai ni ma shekara arba'in ke nan ina share ƙazantar itatuwan nan." Allah ya sani, da zan iya janye magana ɗaya a rayuwata, wannan ce.

Daga ranar Gavra ya dage sai an sare itatuwan dud, gari kuma ya goyi bayansa. Mutum ɗaya ne ya ƙi, Pishta, abokin Gavra tun suna yara, wanda ke dafa barasa da 'ya'yan dud a bayan gidansa.

"Kai Gavra, ƙwaƙwalwarka ce ta yi ritaya ko kai? Itacen da ya girmi ubanka za ka sare don rigar wata?"

"Kai dai tukunyarka kake ji, tsohon mashayi."

"Ina jin ta mana! Ita ce kaɗai mai ɗumi da ta rage mini a gidan. Amma ka tsaya, su baƙin nan ka taɓa tambayarsu me ya kawo su?"

"Sai na tambayi baƙo ko yana son datti? Na fi ka sanin hanya, Pishta. Shekara talatin da takwas ina kanta."

"Kana kanta kana kallon ƙasa. Ka taɓa ɗaga kai?"

Muka yi wa Pishta dariya, har da ni. Gavra ya kai takarda ofishin gunduma cewa itatuwan sun tsufa, cikinsu ya ruɓe, suna da haɗari. Gaskiya kamar goma sun ruɓe. Wani ya sa hannu ko zuwa bai yi ba. A watan Fabrairu masu katako suka zo da injina, cikin kwana tara suka kwantar da itace ɗari da goma sha biyu. Gavra ya bi kututturan ɗaya bayan ɗaya yana shafa musu farar ƙasa don su yi kyan gani. Da bazara ta shigo, kana tsaye a ƙofar kantina kana hango jinga tar. Ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Yanzu muka zama mutane."

Matar birnin, Tijana, ta zo ranar ashirin ga Yuni da tsakar rana, a kan keke. Mun yanka kaji uku, mun jera tebur a gaban coci, kowa ya sa kayan Lahadi. Tun daga nesa muke kallonta tana tahowa a cikin ƙunar rana, har ta iso jiƙe sharkaf da gumi. Ta sha ruwa kofi biyu kafin ta iya gaisawa. Sannan ta ciro waya ta nuna wa Gavra.

"Baba, ina jin na ɓata hanya ne. Wannan nake nema."

Hoton Bajamushiyar ne da tabonta a baya, ga itatuwa sun haɗe a samanta, inuwa har inda ido ya tsaya. Tijana ta ce hoton nan ne ya sa ba a cire sunan garinmu tuntuni ba. Wancan gefen ya fi kusa, ya fi sauƙin aiki, amma mutane suka yi ta rubuto musu cewa kada a bar hanyar dud.

Pishta, da na ɗauka zai ce ai ya faɗa, ya cire hularsa ya sunkuyar da kai.

"Mun gyara ta ne, 'yata," in ji Gavra. "Saboda ku."

Ta kalli fararen kututturan, ta kalle shi. Yarinyar kirki ce, ta ci kazarmu, ta yaba, ta karɓi ƙunshin da muka yi mata. Da za ta tafi ta riƙe hannunsa ta ce masu zuwa da yara ba za su iya kilomita uku babu inuwa ba, amma za ta rubuta cewa mutanen garin suna da karamci. Mun san abin da wannan ke nufi.

A watan Yuli aka kafa allunan a wancan gefen. Gavra ya kasa kiran 'yarsa, ni ya roƙa. Na gaya mata komai, har da maganar da na yi.

"Inna Zorka, na riga na gaya musu a wurin aiki zan bari a ƙarshen wata. Ɗakin ma na ce su nemi wani."

Duk garin mun ɗauka lallashin tsoho kawai take yi. Ashe har akwatuna ta ɗaure. Sai da ta koma ta roƙi aikin, suka mayar da ita a wani gidan tsofaffin da ya fi nisa.

Ta zo a watan Agusta, kwana biyar. Ba ta ce wa ubanta uffan a kan itatuwa ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Ta wanke masa labule, ta cika masa firji. A rana ta huɗu ta ce ya ba ta makullin gidan Kaka, akwai mai saye, gara a rabu da shi kafin rufin ya faɗo. Ya miƙa mata.

Mai sayen ya zo da babbar mota bayan ta koma. Gavra ya zagaya da shi ɗaki-ɗaki, yana nuna masa wanda rana ke shiga da safe da wanda ya fi sanyi da rani.

"Iyalinka nawa ne, ɗana?"

Mutumin ya yi dariya. "A'a, Baba, wa zai zauna a nan? Tsohon bulo nake saye da fale-falen rufi. Gidajen cin abinci a birni suna son su."

Washegari da safe na fito shara na hango Gavra a saman rufin, shekararsa saba'in da ɗaya, yana ciro fale-falen ɗaya-ɗaya yana miƙa wa ma'aikatan. Na ɗaga murya na ce ya sauko kafin ya karya wuyansa, ba shi aka biya ba.

"Jifa suke yi da su, maƙwabciya," in ji shi. "Babana ne ya jera su."

Na koma kanti na rufe ƙofa, na zauna a kan buhun gishiri na yi kuka. Shi kuwa bai sauko ba sai da ya miƙa na ƙarshe.