Malama Tukuna ta ajiye alli

Kullum kafin mai shara ya gama da baranda Malama ta iso, jaka a kafaɗa, rungume da littattafan yaran firamare da ta aro daga makarantun unguwa. Ofishinmu ɗaya a kwalejin horon malamai, kuma rabin teburina ya daɗe da zama nata ba tare da an nemi izinina ba. Takan zauna ta lilliƙe sunayen yaran da takarda, ta kurɓi shayin da ya riga ya huce, sannan ta nufi aji. A watan nan take ritaya, ni kuwa na ce ba za ta sulale shiru ba.

Aikinta koya wa malaman gobe yadda ake auna ɗalibi. Takan raba musu aikin yaro guda, ta ce kowa ya ba shi maki. Wannan ya ba da arba'in, wancan saba'in, a yi ta musu kamar masu ciniki. Sai sun gaji ta ce, "To, duk na ji. Ga uwar yaron nan ta zo tana tambaya, me ɗanta ya iya?" Daga nan take ɗora su a hanya: a fayyace abubuwan da ake so yaro ya iya, a gaban kowanne a rubuta ya iya, ya kusa, ko tukuna. Kalmar "ya faɗi" ba ta shiga ajinta. Nan ɗalibai suka samo sunan da suka laƙa mata.

Kada a ɗauka mai sauƙi ce. Su ma malaman goben haka take musu, aiki ya yi ta dawowa har sai ya gyaru. Ofishin jarrabawa kuwa kullum cikin kuka da ita yake, don sakamakonta ne ke zuwa ƙarshe. Taurin kai dai Allah ya ba ta, ni shaida ne.

Bara, lokacin koyon aiki, wani ɗalibinta da ake kira Dogo ya shigo ofis da matsala. A ajin da aka ba shi akwai yarinyar da rashin lafiya ta kwantar a farkon zango, gwaje-gwajen farko duk sifili ta ci. Zuwa ƙarshen zango ta kamo 'yan ajin, har ta wuce wasu. Amma ƙa'idar makarantar a tara maki duka a raba, in kuwa aka yi haka sai ta maimaita aji. Mahaifinta ya riga ya ce in ta maimaita, karatun ya ƙare ke nan.

"Malama, in na ƙi tarawa, hedimastan ne zai sa hannu a takardata ta koyon aiki," in ji Dogo.

"Yarinyar ta iya ko ba ta iya ba?"

"Ta iya."

"To, miƙo min jakata."

Ni na kai su makarantar a motata. Hedimastan ba mugu ba ne, nauyi ne ya yi masa yawa. Ya ce, "Malama, in na karya ƙa'ida saboda mutum ɗaya, gobe iyaye za su cika min ofis."

"Gaskiyarka, Hedimasta," ta ce. "Amma ɗanka da ya koyi keke, yau yana tuƙi har da sakin hannu. Za ka tara faɗuwarsa ta farko ka raba, ka ce rabin keke ya iya?"

Ya yi dariya har da dafa tebur. Ba ta nemi alfarma ba. Ta roƙe shi ya tsara tambayoyi da kansa, ya gwada duk yaron da ya fara da baya, ba yarinyar kaɗai ba. Ya yarda. Yarinyar ta warware komai sai lissafin rabawa, aka rubuta mata tukuna a nan, ta wuce aji.

Da mahaifin ya zo, Dogo ya bi masa sakamakon layi-layi. Da ya gama, mutumin ya ce, "Tun da na sa ta makaranta lamba ake aiko min. Yau ne aka faɗa min abin da 'yata ta iya." Wallahi sai da idona ya ciko.

Malama, ke ce kika koya mana cewa maki amana ne, don a bayan kowace lamba akwai ɗan wani. Ba a taɓa ba ki lambar yabo ba, makarantu da yawa ma har yau tarawa suke su raba, kuma na san abin yana cin ranki. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa hutun ya karɓe ki.

Ku kuma masu riƙe da jan biro, kafin ku yanke wa yaro hukunci, ku duba abin da ya iya yau. Yarinyar nan tana aji na gaba, kuma mahaifin da ya ce zai cire ta shi ke rako ta har bakin ƙofa kowace safiya.