Matar da Ta Karanta wa Majalisa Abin da Ta Yanke

Ƙarfe bakwai da rabi take isa sakatariyar ƙaramar hukuma, kafin mai shara ya gama da matakala. Takan buɗe tagogin ɗakin taro, ta gwada fankoki huɗu ta bar biyun da ke juyawa, ta jera kujeru goma sha uku, ta tura mai gurguwar ƙafar nan jikin bango inda kansilan da ya fi kowa makara zai same ta. Daga nan sai ta zauna a ɗan teburinta na gefe, ƙarƙashin taswirar unguwa, ta fitar da biro uku ta jera. Shekara talatin da ɗaya tana haka. Kansiloli Malama suke ce mata, ma'aikata kuma Anti. Aikinta rubuta bayanin zama: wa ya ce me, me aka yanke. Ranar Juma'ar da ta gabata ta ajiye aiki.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin ba yana bukatar sanin abu ɗaya. A dokar majalisa, mai rubutu ba ta da baki. Ba ta tambaya, ba ta gyara, ba ta ɗaga hannu. Wuri ɗaya tak doka ta ba ta murya: a farkon kowane zama ita ce za ta karanta bayanin zaman da ya wuce. To amma manyan mutane ba su da lokacin jin abin da suka faɗa. Sai Shugaba ya ɗaga takardar ya ce, "An ɗauka an karanta?" Ɗaki ya amsa, "An ɗauka." Shi ke nan an wuce. Da wannan dabara majalisa ta shekara talatin tana amincewa da maganganun da ba ta san ta yi ba, kuma ba wanda ya yi ciwon kai.

Malama tana da wata ɗabi'a da ba ta cikin aikinta. Duk wurin da aka ambata a zama, ranar Asabar sai ta hau bas ta je ta gan shi da idonta. Maigidanta, tsohon direban motar asibiti, ya yi magana har ya gaji.

"Wai ke marubuciya ce ko safiyo?"

"Ba na son rubuta abin da ban san kamarsa ba."

"To ni ma ki rubuta ni mana, ko kya zauna ki gan ni ranar Asabar."

Direban majalisa ya shaida min cewa da wannan yawon ne ta gano gadar da aka amince a yi wa fenti ruwa ya tafi da ita tun shekara biyu baya. 'Yar takarda ta saƙala a fayil, aka janye maganar a hankali, wani kansila ya sha yabo saboda sa ido.

Ke ce kunnen da ya ji duk abin da aka faɗa a ɗakin nan, Malama, har da wanda masu faɗinsa ba su ji ba. Alƙalami mai ƙafafu.

Bara majalisa ta ɗaura ɗamarar gyara unguwar bayan gari, ta kafa kwamiti uku: na gidaje, na wuraren shaƙatawa, na hanyoyi. Shugabannin ukun ba sa ga maciji da juna tun rigimar da suka yi kan wanda zai riƙa ajiye mota a inuwar bishiyar bakin ƙofa. Saboda haka kowa ya ware ranarsa. Kowa kuma da yadda yake kiran wuri: masu gidaje da lamba suke aiki, masu shaƙatawa da alamar da ido ke gani, masu hanya da fegin awo. Mutum ɗaya ce ke zama a duka ukun, ita ce kuma aka hana magana.

A wata guda aka yi abin kirki har uku. Kwamitin gidaje ya amince a gina gidaje arba'in a Fili na Sha Huɗu. Kwamitin shaƙatawa ya amince da lambun wasan yara a bayan tsohon tankin ruwa. Kwamitin hanyoyi ya amince sabon titi ya ratsa tsakanin fegi na sittin da na sittin da huɗu. Kowanne ya tafa wa kansa.

Asabar ta farko Malama ta je neman Fili na Sha Huɗu, ta sauka a tashar tanki, aka nuna mata daga nesa, hadari ya koro ta. Asabar ta biyu ta je ganin wurin lambu, ta sauka a tashar tanki. Asabar ta uku ta bi fegi tana ƙirgawa ta taga, da ta kai sittin ta ce a tsaya, sai ga tanki.

Direban bas ya waiwayo. "Mama, gaya mana gaskiya, wa kike zuwa gani a nan?"

Ta sauka. Ta zauna a kan wani bulo ta fitar da takardu uku ta jera a cinya. Da farko ta ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ta. Ta karanta, ta ɗaga kai ta dubi tanki, ta sake karantawa. Wuri ɗaya ne. Kuma wurin ba fili ba ne. Gidaje tara ne a jere, da igiyar shanya, da tukwanen fure na gwangwani, kowane bango da ƙaton gicciye na jan fenti.

A ƙofar gidan farko wata tsohuwa ke zaune gaban keken ɗinki. Iya ake ce mata. Ta dubi takardun ta dubi Malama.

"Ke kuma me za a gina mana, 'yata?"

"Ba komai, Iya. Kallo na zo."

"To ke ce ta huɗu. Na farko sun zo da igiyar awo suka ce za a gina gidaje a nan. Na ce to waɗannan fa, akurkin kaji ne? Na biyu sun zo da dashen itace, suka ce lilo za a kafa daidai inda nake girki. Na ce ni da gwiwata ba ta lanƙwasuwa. Na uku ba su ma yi sallama ba, fenti kawai. Wai katafila za ta zo Litinin ta sama."

Iya ta shiga ɗaki ta fito da wata leda, cikin leda wata leda, cikinta takarda da ta yi laushi kamar tsumma. Shekara ashirin da shida da suka wuce, lokacin da aka faɗaɗa kasuwa, majalisa da kanta ta taso iyalai tara ta zaunar da su a nan. Malama ta dubi ƙasan takardar ta ga sa hannunta. Ita ta buga ta. Taswirar da take zaune a ƙarƙashinta kullum ta girmi wannan takarda da shekara huɗu, ba wanda ya taɓa ƙara mata ko ɗigo. A taswira wurin fari ne fat, kuma a ofis abin da taswira ta ce shi ne gaskiya, mutane tara da iyalansu kuskure ne.

Ta bi hanyar da ta dace, wadda kamar yadda aka sani ba ta zuwa ko'ina. Ta rubuta wa Sakatare, ya ce ta kai wa kwamitin da abin ya shafa. Shugaban gidaje ya ce su Fili na Sha Huɗu suka sani, ba ruwansu da tanki. Na shaƙatawa ya ce shi bai taɓa jin wani sha huɗu ba. Injiniyan hanya ya ce fegi ba ya ƙarya. Kowa ya yi mata godiya, ya tuna mata cewa kwana kaɗan ya rage ta huta.

Babban zama ranar Alhamis, sallamarta Juma'a, katafila Litinin. Takardar sallamar tana kan teburin Sakatare ba a sa hannu ba tukuna. Ranar Alhamis da safe maigidanta ya tsaya yana kallonta tana cusa wani tsohon fayil a jaka.

"Kwana ɗaya ya rage miki. Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa jin bakinki ba."

"Yau ma ba za a ji ba. Nasu za su ji."

Ɗaki ya cika. A bencin jama'a, inda yawanci ba kowa sai mai gyangyaɗi, ga Iya da mutanen layinta. Shugaba ya ɗaga takardu uku.

"Bayanan kwamitoci. An ɗauka an karanta?"

"An ɗauka."

Malama ta miƙe. "Ranka ya daɗe, ba a karanta ba."

Aka waiwaya ana neman inda muryar ta fito. Wani sabon kansila ya tambayi na kusa da shi ko baƙuwa ce. Sakatare ya hau buɗe littafin doka da sauri, ya samu wurin, ya karanta, ya rufe a hankali. Doka ta ce a karanta.

Ta karanta na gidaje kaf, har da ratayen ƙarshe da ba a taɓa dubawa ba, inda ake faɗin iyakar wuri: gabas tankin ruwa, yamma katangar makaranta. Aka yi hamma. Ta karanta na shaƙatawa: gabas tankin ruwa, yamma katangar makaranta. Wani ya gyara zama. Ta karanta na hanyoyi. Da ta kai gabas, kansilan da ke kan gurguwar kujera ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, ina neman ƙarin haske. Wai tankunan ruwa nawa ne a unguwar nan?"

"Ɗaya ne," in ji wani. "Shi ma ba ruwa."

Abin da ya biyo baya Malama ta rubuta shi duka, shafi bakwai, na kuma gani. Shugaban gidaje ya ce an shigo masa fili. Na shaƙatawa ya ce yara ne manyan gobe, su suka riga. Injiniya ya ce titi zai iya bi ta tsakiya, gidaje ashirin dama ashirin hagu, yara su yi wasa a shataletale. Wani ya kawo ƙudurin a ɗora lambun a kan rufin gidajen, wani ya goyi baya, daga baya ya ce ya ɗauka maganar ɗage zama ake yi. Aka kaɗa ƙuri'a ba a san a kan me ba, aka tashi shida da shida. Shugaba ya buga tebur, ya taso ya tsaya gaban taswira, ya ɗora yatsa.

"Ku kwantar da hankali. Ai fili ne, ba kowa. Za mu raba."

"Ranka ya daɗe," in ji Malama, "saura ɗaya. Shi ma ba a taɓa karanta shi ba. An dai ɗauka."

Ba ta jira izini ba. Ta buɗe tsohon fayil ɗin ta karanta ranar da shekarar, ta karanta cewa majalisa ta amince a zaunar da waɗannan iyalai tsakanin tankin ruwa da katangar makaranta, su da 'ya'yansu. Sannan ta fara kiran sunaye. Ta kira na farko.

"Na'am," in ji Iya daga benci.

Ba wanda ya shirya haka. Tsohuwa ta ji sunanta ne ta amsa. Malama ta kira na biyu, wani dattijo ya dafa sanda ya miƙe. Ta kira na uku, wata mata mai goyo ta ce, "Ya rasu. Ni ce 'yarsa." Haka har tara. Yatsan Shugaba yana nan kan farin wurin, sai ya janye shi ya sa a aljihu.

Ba zan yi ƙarya in ce majalisa ta waye a ranar ba. Abin da ta yi shi ne kafa kwamiti na huɗu don ya daidaita ukun. Amma kafin a tashi an rubuta takardar dakatar da katafila, Injiniya kuma ya ari biron Malama ya hau kujera ya zana ƙananan akwatuna tara a jikin taswira. Titi yanzu ta gaban tanki zai bi. Masu gidaje da masu lambu suna can suna neman wani wurin, kowa da irin sunan da yake kiransa. Iya ta hana a goge jan fentin bangonta, ta ce wanda ya shafa ya zo ya goge, ya kuma yi sallama.

Juma'a Sakatare ya sa hannu bai ɗago kai ba. Aka ba ta agogon bango da allon yabo mai cewa ta yi shekara goma sha uku tana aiki. Ta karɓa ta yi godiya. Ta saba: an ɗauka an karanta.

Ke ce kika nuna mana, Malama, cewa ba lallai sai mai babbar kujera ke tsare gari ba. Ba ki yi jawabi ba, ba ki zagi kowa ba, ba ki ƙara kalma ɗaya taki ba. Kin je kin gani, kin adana, ranar da ta kama kin maimaita wa mutane maganarsu. Mun gode. Iyalai tara sun gode, su da suka wayi gari Litinin a ɗakunansu. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ba maigidanki Asabar ɗinsa.

Ku kuma masu sa hannu a takarda, manya da ƙanana, ba a ce ku zama jarumai ba. Ku karanta abin da kuka yanke, in da hali ku hau bas ku je ku ga kamarsa.

An ce min a zaman farko bayan tafiyarta, Shugaba ya ɗaga takarda kamar kullum ya ce, "An ɗauka an..." Sai ya tsaya. Ya dubi akwatuna tara na jikin taswira, ya dubi matar da ta gaji ɗan teburin.

"Malama," ya ce, "karanta mu ji."